Guzurin Mai Juna Biyu Cikin Azumi Da Idi Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Allah ya yi daɗin tsira da aminci ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ke ƙaga halitta cikin duhun mahaifa ba da fitila ba, yana ciyar da tayi ta cibiya tun bai san yana da baki ba.

Amma bayan haka, wannan 'yar takarda ce na rubuta domin 'ya'yana mata masu juna biyu, da mazajensu, da iyayen mazajensu. Dalilin rubuta ta kuwa, kowace shekara in watan Ramalana ya gabato tambayoyi sukan yi yawa a zaure, mafi yawansu ta bakin maza ko tsofaffi, zama ita mai cikin kunya ba ta barinta ta tambaya da kanta. Ni kuwa na tsufa, gani ya yi rauni, sai na ga gwamma in tara jawabin wuri ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi, ya zargi malamai cikin littafinsa Nurul Albabi bisa barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu 1864, ta riƙa aika jajjai ƙauyuka domin su sanar da mata addini. Sawunsu na ke bi gwargwadon rauni na. Ga Allah na dogara, gare shi na ke komawa.

Fasali na farko, cikin bayanin darajar ciki

Ki sani, ya 'yata, Allah ya datar da mu da ke, abin da ke cikinki amana ce aka ba ki ajiya. Ya zo cikin hadisi ingantacce cewa halittar ɗan Adam tana bin arba'in uku cikin mahaifa, watau kwana 120, sa'an nan a aiko mala'ika ya busa rai, a rubuta arziki da ajali da aiki da makoma. Allah kuwa ya ambaci wahalar uwa cikin Suratu Luƙmana da Suratul Ahƙafi, ya sanya ta hujja bisa ɗa har abada. To, wahalar da Ubangiji ya ambata da kansa ba ta tafiya banza.

Ma'abuta ɗariƙa sun ce niyya ita ce ke mai da al'ada ibada. In kin ci domin ki ƙarfafa amanar Allah, cin nan ibada ne. In kin kwanta domin ki huta da ita, kwanciyar nan ibada ce. Laulayi da amai da ciwon baya da rashin barci, dukkansu suna kankare zunubi ga wadda ta yi haƙuri ta nemi lada. Kada ki ga masu tsayuwar dare ki ce an bar ki a baya. Kowane bawa da ƙofar da aka buɗe masa, taki ƙofar kuwa ga ta nan ƙarƙashin zanenki.

Fasali na biyu, cikin hukuncin azumi

An farlanta azumi shekara ta 2 bayan hijira. Ya zo cikin littattafan Sunan cewa Allah ya sauke wa mai ciki da mai shayarwa nauyin azumi, kamar yadda ya sauke wa matafiyi. Malaman mazhabarmu ta Imamu Maliku, wanda ya rasu shekara ta 179 ta hijira, sun raba halin mai ciki kashi uku.

Na farko, mai lafiya da ƙarfi, wadda ba ta jin tsoron komai ga kanta ko ga abin da ke cikinta. Wannan azumi ya wajaba gare ta, ciki kaɗai ba uzuri ba ne.

Na biyu, wadda ke tsoron cuta ta same ta, ko cutar da ke gare ta ta daɗu, ko ta sha matsananciyar wahala. Wannan ya halatta ta sha.

Na uku, wadda ke tsoron halaka ko mummunar cuta ga kanta ko ga ɗanta. Wannan shan azumi ya wajaba gare ta, in ta dage ta yi, ta saɓa wa Allah da abin da ta ke zaton tana bauta masa da shi.

Tsoron nan kuwa ba waswasi ba ne. Ana gane shi da ɗayan abu biyu: abin da mace ta jarraba ga jikinta ko ga mai irin jikinta, ko kuwa maganar likita amintacce masanin aikinsa. Saboda haka na ke cewa kowace mai ciki ta je awo tun cikin Sha'abana, ta faɗa wa likita ko ungozomar asibiti tana nufin azumi, a gwada jininta. Mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai ƙarancin jini, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda amai ya hana abinci zama cikinta, da wadda ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, waɗannan kada su ɗauki azumi sai da shawarar likita.

Tambihi. Shekarar wata ta kasa shekarar rana da kamar kwana 11, saboda haka Ramalana yana zagaya rani da damina da hunturu cikin shekara 33. Azumin 1445, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu na 2024, ya zo da zafi mai tsanani a ƙasashenmu, yini kuwa ya haura sa'a 13 ba ci ba sha. Kada tsohuwa ta ce ni na yi azumi da cikin wane ban sha ko ɗaya ba. Watakila nata ya faɗo cikin sanyin hunturu, jiki kuma ba ɗaya ba ne.

Fasali na uku, cikin alamomin da ke sa a sha nan take

In kina azumi kika ji jiri har ƙasa na juyawa, ko kika ga fitsari ya ƙaranta ya yi ja, ko mara ta riƙa ɗaurewa kamar naƙuda alhali lokaci bai yi ba, ko ɗan da ya saba motsi ya yi shiru, to ki sha ruwa a sa'ar nan, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Ba kaffara a kanki, sai ramuwar yini ɗaya. In abin bai sake ki ba, a tafi asibiti.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran komai a kansu, da azumi ko ba azumi: zubar jini, fashewar faya, zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, da jijjiga. Jijjigar mai ciki ba iska ba ce, ba sammu ba ne, hawan jini ne ke kawo ta, tana da magani a asibiti, jinkiri kuwa yana kashe uwa da ɗa.

Mas'ala. A mazhabarmu jinin da mai ciki ta gani ana ba shi hukuncin haila, ta bar salla da azumi, kwanakinsa kuwa suna da bayani cikin Muhtasar, sai a tambayi malami. Amma wannan hukuncin ibada ne kaɗai. Ta wajen lafiya jini ga mai ciki haɗari ne, a fara kai ta asibiti, sa'an nan a zo zaure da tambaya.

Mas'ala. Wadda amai ya rinjaye ta, azuminta yana nan muddin ba ta mai da komai ciki ba. Wadda ta jawo aman da gangan, sai ta rama.

Wadda Allah ya ba ta iko ta ɗauki azumi, ta jinkirta sahur, wannan sunna ce kuma magani ne. Ta ci abin da ke daɗewa a ciki, kamar tuwo da miyar ganye, da wake, da ƙwai, da fura da nonon da aka dafa. Ta gaggauta buɗa baki da dabino da ruwa, sa'an nan kunu, kada ta cika ciki da soye-soye lokaci ɗaya sai ƙwarnafi ya hana ta barci. Ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba har sahur. Ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta wurin awo ta sha ta da dare, kada ta haɗa ta da shayi, zama shayi yana rage amfaninta. Ta rage goro da gishiri da kanwa. Wadda ta ji ranta na kwaɗayin farar ƙasa ta faɗa wurin awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Fasali na huɗu, cikin ramuwa da ciyarwa

Abin da ya shahara a mazhaba, wanda Ibnu Abi Zaidin mai Risala ya gabatar, shi ne mai ciki in ta sha ramuwa kaɗai ke kanta, ba ciyarwa, zama hukuncinta hukuncin mara lafiya ne. Amma mai shayarwa da ta sha domin tsoron ɗanta, ta rama kuma ta ciyar da mudu ɗaya ga kowane yini. Mudun nan mudun Annabi ne, cikin tafi biyu na matsakaicin mutum, ba kwanon awo na kasuwa ba.

Ki riƙe lissafin kwanakinki, ko da ƙulli ga zare, ko da zane a bango. Ba sharaɗi ba ne a jera ramuwa, sai dai jerawa ta fi. Wadda ta sha cikin wata sa'an nan ta koma azumi, ta sabunta niyya da dare, zama niyyar farkon wata ta yanke. Wadda wani Ramalana ya riske ta ba ta rama ba, in uzurinta bai yanke ba har cikin Sha'abana, ba komai a kanta sai ramuwa. In kuwa sakaci ne, ta rama kuma ta ciyar da mudu ga kowane yini. Sitta Shawwal da azumin Arfa nafila ne, mai bashi kuwa biyan bashi ya kamata ta fara.

Jinin biƙi mafi tsawonsa a mazhabarmu kwana 60. In ya ɗauke kafin haka, ko da kwana goma ne, ta yi wanka ta yi salla. Jiran arba'in al'ada ce, ba ta sauke farilla.

Fasali na biyar, cikin salla da wuridi

Salla ba ta faɗuwa ga mai ciki, amma ana sassauta siffarta. Wadda ta kasa tsayuwa ta jingina, in ta kasa ta zauna, in ta kasa ta kwanta bisa gefenta na dama. Wadda ciki ya hana ta kai goshi ƙasa ta yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasƙanta, ba sai ta ɗaga matashi zuwa goshinta ba. Asham nafila ce, ta yi abin da ta iya cikin ɗakinta, ko a zaune.

Amma zikiri, shi ne abincin da ba a hana mai ciki, ba ya son alwala, ba ya son tsayuwa. Istigfari da salatin Annabi da hailala, waɗannan uku su ne ginshiƙin wuridin Ƙadirawa da Tijjanawa baki ɗaya. Wadda ta karɓi wuridi, jiki ya yi mata nauyi, ta aika a tambayi muƙaddaminta, zama shaihunai sun yi wa mara lafiya sauƙi. Likitoci sun ce ɗa yana jin sauti tun yana ciki cikin watannin ƙarshe, muryar uwa kuwa ita ce mafi kusa da kunnensa. To, ki duba abin da ki ke jiyar da shi, ko ambaton Allah, ko zagin kishiya.

Goman ƙarshe in ta zo, kada ki yi baƙin ciki don ba ki iya raya dare duka. Ki sallaci lisha da asuba kan lokaci, ki roƙi afuwa, ki roƙa wa ɗanki shiriya kamar yadda Annabi Zakariya da matar Imrana suka roƙa. Lailatul Ƙadari tana iske mai kwance kamar yadda ta ke iske mai tsaye, abin da ake dubawa zuciya ce.

Fasali na shida, cikin makircin rai

Wannan fasali shi ne zuciyar takardar. Ki sani rai yana da wayo, in ya kasa jan bawa zuwa saɓo sai ya ɓuya cikin ibada. Na ga mata uku da ke azumi alhali shari'a ta ce su sha.

Ta farko amarya ce mai cikin fari, tana ɓoye cikin don kunya, tana tsoron in an gan ta da kwano da rana asiri ya tonu. Ya 'yata, kunya ado ce, amma kunyar da ke cutar da rai biyu ba ta cikin imani. Ki faɗa wa mijinki ko yayarki, ki ci a ɗaki, ba wanda ya ce ki ci a tsakar gida.

Ta biyu tana azumi don kada kishiya ta ce ta gaza, ko uwar miji ta ce raguwa ce. Wannan riya ce sanye da rigar taƙawa, azumin da aka yi don bakin mutane kuwa ladansa yana wurin mutane.

Ta uku mai son Allah ce da gaske, tana ganin shan azumi ragi ne ga darajarta. Ita na ke ce wa: wanda ya ce ki kame, shi ne ya ce ki sha. Bawa ba ya zaɓar wa ubangijinsa irin hidimar da zai yi masa. In sarki ya miƙo kyauta aka ce a'a, rashin ladabi ne, rangwame kuwa kyautar Allah ce. Ki duba Nana Maryamu, tsira ya tabbata gare ta, sa'ad da naƙuda ta kai ta gindin dabino, da ci da sha aka umurce ta, abin da ta kame daga gare shi magana ce da mutane. Ke ma ranar da kika sha, ki kame harshe da ido da kunne, ki ba mai azumi abin buɗa baki, ba za ki fita watan hannu wofi ba.

Akwai kuma ta huɗu, mai lafiya garau da ke fakewa da ciki don ta sha. Ita ma ta ji tsoron wanda ya san abin da mahaifa ke ɗauke da shi.

Fasali na bakwai, cikin Ƙaramar Salla

Zakkar fid da kai sa'i ɗaya ce, watau mudun Annabi 4, daga abincin da ya rinjaya a gari, gero ko dawa ko masara ko shinkafa. Miji ke fitar wa matarsa, ko ta yi azumi ko ta sha. Ba ta wajaba bisa abin da ke ciki ba. Jaririn da aka haifa kafin faɗuwar ranar ƙarshen Ramalana a fitar masa, wanda aka haifa bayan alfijir na ranar idi babu a kansa, wanda ya zo tsakanin biyun akwai saɓani, fitarwa ta fi kuɓutarwa.

Sallar idi ba wajiba ba ce ga mace. In ciki ya tsufa, ko filin idi da nisa, ta yi raka'a biyu a ɗakinta, kabbara 7 a ta farko har da ta harama, 6 a ta biyu har da ta miƙewa. Kallon hawa kuwa, inda dawaki ke sukuwa, 'yan bindiga na harbi, jama'a na turereniya cikin rana, ba wurin mai ciki ba ne. Haka yawon salla bisa babur a hanya mai gargada.

Wahalar salla a kan mata ta ke faɗuwa: daka da surfe, ɗiban ruwa, tuƙin tuwon salla tun asuba, tsugunno gaban murhu cikin hayaƙi. Ya ke uwar miji, ke ma kin ɗauki ciki, ki tuna. Ya ku abokan zama, wadda ta karɓar wa 'yar'uwarta muciya yau, gobe za a karɓar mata. Ado ga miji halal ne, kitso da lalle na ganye ba laifi. Amma baƙin rini na kanti yakan ƙona fata, man sauya launin fata kuwa cikinsa akwai mai gubar da ke ratsawa har wurin ɗa. A bar takalmi mai tsini da ɗaurin zane mai matse ciki.

Fasali na takwas, cikin Babbar Salla

Layya sunna ce mai ƙarfi ga mai iko, kwanakinta uku. Ba a yi wa abin da ke ciki layya, Imamu Maliku ya ruwaito haka daga aikin Abdullahi ɗan Umaru cikin Muwaɗɗa. Kabbarori bayan farillai 15, daga azahar ta ranar layya zuwa asubar yini na huɗu, mace ma tana yinsu a asirce.

Nama yana ƙara jini, ta ci, amma wanda ya dahu har ciki, zama ɗanyen nama da mai jini-jini yana ɗauke da ƙwayar cuta da ke taɓa ɗan tayi. Ta wanke hannu da sabulu bayan taɓa ɗanye. Hanta ta ci kaɗan, likitoci sun yi gargaɗi bisa yawaita ta, balle a watannin farko. Wankin kayan ciki da babbakar kai da ƙafa da yinin suya gaban wuta, a ɗauke mata su. Naman da ya kwana cikin zafi ya sauya wari kada ta kusance shi.

Fasali na tara, nasiha ga maigida

Ya kai maigida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ranakun salla ma'aikata sukan ragu, masu mota sukan tafi ganin gida, naƙuda kuwa ba ta san idi ba. Asma'u 'yar Umaisu ta haihu a Zul Hulaifa kan hanyar Hajjin Bankwana, shekara ta 10. Tun kafin ka sayi shadda da rago, ka ware kuɗin haihuwa, ka san motar da za ta ɗauke ta da dare, ka san ɗan'uwan da zai ba da jini in an bukata. Ka bar izini a gida cewa in abu ya taso a fita da ita ko ba ka nan. Mata nawa suka halaka suna jiran miji ya komo daga kasuwa ya ce a tafi. Hausawa sun ce salla ta wuce ta bar wawa da bashi, wanda ya fi shi wauta kuwa shi ne mai sabuwar riga da ba shi da kuɗin kai matarsa asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta yi shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8 kafin haihuwa. Kada azumi ko salla su sa a tsallake ranar awo. A can ake ba da allurar rigakafi, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro bayan wata uku na farko sun wuce. Ta kwana cikin gidan sauro, ta fi kwanciya bisa gefe in ciki ya girma.

Ni mai allo da tawada ne, na rubuta wa mata rubutun sauƙin naƙuda shekaru masu yawa, ina kuma kyautata zato ga albarkar Alƙur'ani. Amma ina faɗa muku da bakina, rubutu addu'a ce, a sha shi da ruwa mai tsabta ana kan hanyar asibiti. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara, ya kuma yi umurni da neman magani. Barin sababi ba tawakkali ba ne. Kada kuma a ba mai ciki saiwa ko jiƙo ko ƙwayar kanti da ba a san ƙarfinta ba.

Cikawa

Wannan shi ne abin da ya sauwaƙa. Wadda ta yi azumi da iko, Allah ya karɓa. Wadda ta sha da uzuri, Allah ya karɓa, ya ba ta ikon ramuwa. Ya Allah, don alfarmar Annabinka da bayinka salihai, ka sauki masu ciki lafiya, ka raba su da abin da ke cikinsu cikin sauƙi, ka raya abin da suka haifa bisa Musulunci, ka ba waɗanda ba su samu ba, ka ji ƙan waɗanda suka rasu wurin haihuwa, ka sanya su cikin shahidai. Wanda ya karanta, ina roƙonsa ya karanta wa matan gidansa, ya kuma sa tsohon da ya rubuta cikin addu'a, shi da iyayensa da malamansa.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Amin.